Sharhi: Ajin Mutum Arba'in, Ɗalibai Casa'in

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Duk wanda ya yi sakandare a birnin da ke bunƙasa, in aka tambaye shi abin da ya fi tunawa, da wuya ya fara da darasi. Sai dai ya ambaci sammakon kama benci, da zafi, da waɗanda ke zama bakin taga littafi a kan cinya, da muryar malami da ba ta kai wa layin baya. Tsofaffin ɗalibai kan ba da wannan labari na cunkoson aji cikin raha, amma in aka zauna aka yi lissafi, abin akwai ciwo.

A ɗauki aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 9, wato murabba'in mita 63. A ware mita 2 daga tsawon a gaban allo domin malami, wato murabba'in mita 14, saura 49. Ɗalibai 40 kowa zai samu sama da murabba'in mita guda. In suka kai 90, kowa kusan rabin murabba'in mita ne rabonsa. Bencin mutum biyu ya ɗauki huɗu, hanyar tsakiya ta toshe, malami ya daina zagayawa yana duba littattafai, don ba inda zai sa ƙafa.

Ga kuma iska. Iskar kabon da muke fitarwa da numfashi kusan kashi 420 cikin miliyan ce a sarari, amma a cunkusasshen aji mai rufaffun tagogi tana iya haura 2,000. Daga nan hamma da gyangyaɗi da ciwon kai ke farawa, malami kuma ya ɗauka lalaci ne. Tagogi masu fuskantar juna, a buɗe, suna rage wannan sosai.

Inda ɓarnar ta fi yawa, a ganinmu, wajen gyaran aiki ne. Darasi minti 40 ne. Kiran suna kaɗai, daƙiƙa 4 kowane ɗalibi, ya cinye minti 6. To, malamin harshe mai aji biyar irin wannan, ɗalibai 450 ke hannunsa. In ya ba da insha'i ɗaya, ya ba kowace takarda minti 4, sai ya yi awa 30 yana maki. Wane malami ne zai jure wannan kowane mako? Don haka sai ya daina ba da rubutu, ya koma tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, ɗalibai su yi musayar takardu su yi wa juna maki. Yaro ya shekara ba wanda ya ja masa layi ƙarƙashin jimlar da ya karya. Mai ƙoƙari zai tsira, mai surutu za a san da shi. Na tsakiya, mai shiru, shi ne ke ɓacewa, ba a gane bai iya ba sai ranar jarrabawar fita.

Banɗaki ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, da ruwa lita 5 ga kowane ɗalibi a rana a makarantar jeka-ka-dawo. Makaranta mai 'yan mata 1,000 tana bukatar banɗaki 40 ke nan. Inda babu, yarinya mai al'ada takan gwammace ta zauna gida.

Raba makaranta safe da yamma yana rage cunkoso nan take, sai dai yana rage awannin karatu, kuma sau da yawa malamin da ya gaji da safe shi ke koyar da 'yan yamma.

Abin takaicin shi ne cunkoso ba ya zuwa kwatsam. Inda firamare shekara 6 ce, rajistar 'yan aji ɗaya ta bana ta riga ta nuna yawan masu neman gurbin sakandare nan da shekara 6. Amma sai a yanka sabuwar unguwa filoti-filoti ba a ware wa makaranta fili ba. Kafin a farga ƙasa ta yi tsada, sai a koma tsohuwar makaranta a gina ajujuwa a filin wasa, a mai da ɗakin gwaje-gwaje aji. Ginin ajujuwa ana iya gama shi cikin shekara guda. Horar da malamin lissafi ko kimiyya kuwa shekara 3 zuwa 4 yake ɗauka, don haka malaman da waɗannan 'yan aji ɗaya za su tarar, nan da shekara biyu ya kamata a ce sun shiga kwaleji.