Mutumin da ya ɗauki ministoci suna gyangyaɗi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, daga Berlin nake magana da ku, a gaban ginin majalisar dokokin Jamus da ake kira Reichstag, kuma har yanzu jikina a sanyaye yake saboda wani hoto da na gani jiya.

An ɗauke shi ne a birnin Hague na ƙasar Holand a 1930, lokacin da manyan Turai suke ta ja-in-ja kan diyyar Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka ɗora wa Jamus. Dare ya raba, ga ministocin Jamus da na Faransa zube a kan kujeru, wani ya rafka tagumi, wani barci ya sace shi. Na daɗe ina kallonsu, domin ban taɓa ganin shugabanni a irin wannan hali na gajiya da rauni ba, alhali makomar miliyoyin mutane tana hannunsu.

Wanda ya ɗauka shi ne Erich Salomon, Bayahude haifaffen wannan birni a 1886, wanda ya karanci shari'a kafin ya riƙi kyamara bayan ya kai shekara arba'in. Yakan saka kwat irin ta manya ya shige cikinsu da ƙaramar kyamararsa Ermanox, wadda ba ta buƙatar walƙiya, har ma ya taɓa huda hularsa ya ɓoye kyamara a ciki domin ya ɗauki zaman kotu. Shi ya nuna wa talakan Jamhuriyar Weimar, wato Jamus ta wancan zamani kafin mulkin Hitler, fuskokin masu mulkinsa yadda suke idan sun manta ana kallonsu.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, a wannan shekarar ta 1930 jam'iyyar Nazi ta Hitler ta tashi daga kujeru 12 zuwa 107 a wannan majalisa, 'yan majalisarta suka shigo zauren sanye da kakin jam'iyya. A watan Fabrairun 1933 ginin nan ya kama da wuta. Salomon ya koma Holand da zama, amma 'yan Nazi ba su ƙyale shi ba, a sansaninsu na kisa da ke Auschwitz aka kashe shi a 1944.

Ɗazu na hau rumfar gilashin da ke saman ginin, wadda mai zanen gine-gine Norman Foster ya tsara, wadda aka buɗe a 1999, ko sisi ban biya ba, na leƙa zauren daga sama. Wallahi sai kewar gida ta kama ni, na tuna mahaifina da rediyonsa, yana bin muhawarar majalisa bai taɓa ganin fuskar masu yin ta ba.

Ina gargaɗinku, duk mai niyyar zuwa ya yi rajista tun da wuri ya riƙo fasfo, domin ana duba suna a ƙofa. Idan kuma kun tarar da masu zanga-zanga a filin nan, kamar yadda na tarar yanzu, kada ku cusa wa mutum kyamara a fuska ba da izininsa ba, domin Jamusawa ba sa wasa da wannan.