Jawabin Ma'aji: Kwana 60 Aka Ba Ɗan'uwanmu

Baba Shugaba, iyayenmu mata, ku yi mini haƙuri, rahoton kuɗi zai ɗan jira. Maganar ɗan'uwanmu ce ta hana ni barci. An ƙwace lasisin kamfanin kula da tsofaffin da ya kawo shi Ingila, takardar hukuma ta iso, kwana 60 aka ba shi ya samo wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara ya koma. Kun san tun Maris na 2024 aka hana masu shigowa wannan aiki zuwa da iyali, shi ya sa matarsa da yara suna can Badawa a Kano, mai gida yana ta buga musu ƙofa kan kuɗin haya. Na duba asusunmu, abin da ke ciki ko tikitin sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ba zai saya ba.

Da na bi bashin kuɗin wata, wani ƙanena, yana nan zaune, ba zan kalli wajensa ba, sai ya ce: "Yaya, ceto ta wurin alheri ne, ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya sami ceto, ko kwabo bai biya ba." Aka yi dariya. Gaskiya ka faɗa ƙanena, amma rabinta. Ƙofar ceto ɗaya ce, kyauta ce, Afisawa sura 2 a Littafi Mai Tsarki ba ta bar gardama ba. Lada kuwa hawa-hawa yake. A misalin Yesu na Luka 19, maigida ya ba bayinsa kuɗi su juya, bawa ɗaya birane goma aka ba shi lada, ɗaya biyar, wanda ya ƙulle kuɗin a ƙyalle aka ƙwace har abin da ke hannunsa. Manzo Bulus ya gaya wa Korintiyawa harsashi ɗaya ne, amma wani da zinariya yake gini, wani da ciyawa da kara, wuta kuma za ta gwada aikin kowa. Mai kara zai tsira, sai dai kamar wanda ya tsallako daga gobarar kasuwar Sabon Gari, daga shi sai rigar wuyansa. 'Yan'uwanmu Katolika suna ganin tsarkakewa bayan mutuwa a wannan aya, mu 'yan cocin ECWA ba mu karanta ta haka, amma yau ba ranar wannan muhawara ba ce. Ɓarawon nan hannuwansa a kafe suke. Naka fa?

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɓangaren hukunci, don shi ma ba kai ɗaya ba ne. Luka 12:47-48: bawan da ya san nufin maigidansa ya ƙi yi, dukansa mai yawa ne, wanda bai sani ba, kaɗan. Yesu ya ce ranar shari'a za a fi sassauta wa Saduma a kan Kafarnahum. Saduma fa, birnin da Allah ya hallaka saboda mugunta! Dalili, garin Kafarnahum ya ga mu'ujizan Yesu da idonsa. To mu a wane layi muke? Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake cikakke da Hausa, a kansa aka yaye mu. Ba mu da bakin cewa ba mu sani ba. Ga shi yanzu da fam ake biyanmu.

Ban ce wanda bai biya kuɗin wata ba zai shiga wuta. Ni ma'aji ne, ba ni da makullin ko'ina sai na akwati. Amma ku tuna zumuntar mata a Kano. In aka kwantar da mutum a asibiti, gwauruwar da ke sayar da ƙosai ce za ta fara isowa da kwanon tuwo a ɗaure, ba wanda ya aika mata saƙon WhatsApp sau uku. Su suka rene mu, wallahi ina kewarsu. Da wace fuska za a ce musu ɗansu ya tagayyara a tsakiyarmu?

Rahoto a gurguje: kuɗin zauren nan an biya, na bikin Kirsimeti akwai saura kaɗan, rasit suna wajen Sakatare, mai so ya duba.

Kwanakin nan 60 sun riga sun fara tafiya. Duk wanda wurin aikinsa ke da lasisin ɗaukar baƙi, ya ga Sakatare kafin a ci abinci. Masu bashi kuma, ni da littafina muna bakin ƙofa, ƙofar kuwa ɗaya ce. Ƙanena, da kai zan fara.