Sharhi: Allen Iverson da dala miliyan 32 da aka kulle masa

Masu sauraro, ranar 7 ga Yunin 2030 Allen Iverson zai cika shekara 55 da haihuwa, kuma a ranar ce za a buɗe masa asusun amana na dala miliyan 32 da kamfanin kayan wasanni na Reebok ya ajiye masa. Mutumin da ya ci albashin kusan dala miliyan 154 a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, me ya kai shi ga zuba wa wannan rana ido?

Tun kafin ya shahara ya ɗanɗani gidan yari. A 1993 faɗa ya kaure a wani gidan wasa a garinsu Hampton da ke jihar Bajiniya, aka yanke masa hukunci yana ɗan shekara 18. Wata huɗu ya yi a tsare kafin gwamna Douglas Wilder ya yi masa afuwa, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke hukuncin a 1995. A 1996 ƙungiyar Philadelphia 76ers ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko cikin sabbin 'yan wasan da suka shiga gasar a shekarar.

Ku dubi jikinsa: tsawo santimita 183, nauyi kilo 75, a fagen da ƙattai masu mita biyu suka cika. Amma shi zai kutsa tsakiyarsu, su kayar da shi, ya tashi ya sake komawa. Sau huɗu yana fin kowa zura maki a kakar wasa, a 2001 kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar. A wasan farko na zagayen ƙarshe a shekarar ya zura wa Los Angeles Lakers maki 48, kuma wannan ne kaɗai wasan da Lakers suka sha kashi a duk wasannin neman kofin.

To, ina kuɗin suka tafi? Da farko dai, miliyan 154 ɗin nan lissafin takarda ne. Harajin gwamnatin tarayyar Amurka a kan masu manyan kuɗi a shekarunsa ya kama daga kashi 35 zuwa kusan 40 cikin ɗari. Ga harajin jiha, ga wanda jihohi da dama ke karɓa daga ɗan wasan da ya je baƙunta ya yi wasa a ƙasarsu. Wakilin da ya ƙulla kwantiragi na iya ɗaukar har kashi 4. Kafin kuɗi su iso hannu, kusan rabi ya zube.

Sauran rabin kuma akwai masu jiransa. Iverson ya yi suna wajen ɗaukar nauyin abokan ƙuruciya da dangi, da kuma 'yan-a-bi-yarima-a-sha-kiɗa, ga motoci, ga sarƙoƙin gwal, ga gidajen caca. Matsalar irin wannan hidima ita ce, ba ta san albashi ya tsaya ba. Wasansa na ƙarshe a NBA a 2010 ne, ya ɗan leƙa ƙungiyar Besiktas ta Turkiyya, rauni ya dawo da shi gida. A 2012 wata kotu a jihar Jojiya ta umarce shi ya biya wani mai sayar da kayan ado bashin kusan dala dubu 860.

A rigingimunsa akwai wadda ba a yi masa adalci ba. A watan Mayun 2002, bayan Boston Celtics ta fitar da ƙungiyarsa daga wasannin neman kofi, 'yan jarida suka tsare shi da tambaya a kan ƙin zuwa atisaye, abin da kocinsa Larry Brown ya yi ƙorafi a kai. Ya maimaita kalmar atisaye fiye da sau 20, aka yanko wannan gaɓar aka mayar da ita abin dariya har yau. Abin da aka yanke aka jefar shi ne inda yake maganar amininsa da aka kashe 'yan watanni kafin nan. Sai kuma dokar tufafi ta 2005, wadda shugaban gasar David Stern ya kafa, ya hana sarƙoƙi da huluna da gajerun wanduna a wurin aiki. Kowa ya san da wa ake, Iverson kuwa bai ɓoye adawarsa ba.

Abin da ya tsare masa mutunci shi ne yarjejeniyar da ya yi da Reebok a 2001, ta har abada. An tsara ta gida biyu: dala dubu 800 duk shekara muddin yana raye, sai miliyan 32 da ba shi da ikon taɓawa sai ya kai 55. Ba don an kulle su ba, da wuya a ce ba su bi sawun sauran ba. A 2023 Reebok ɗin ta naɗa shi mataimakin shugaban sashenta na ƙwallon kwando, a ƙarƙashin Shaquille O'Neal, tsohon ɗan wasan Lakers da ya hana shi ɗaukar kofi a 2001.