Kofi, buta da goro: zanen fenti mai ruwa daga Nima

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga Nima a birnin Accra. Ga teburin nan kuna gani: farin kofin tangaran, ƙaramar buta, cokali da goro biyu. Su za mu zana yau da fenti mai ruwa. Na ajiye su kusa da taga, hasken yana shigowa daga hagu kaɗai, na kuma kashe ƙwan ɗaki. Haske biyu inuwa biyu ke nan, kofin sai ya rasa inda zai zauna.

Takarda tukuna, don ita ce rabin aikin. A nemi mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita. Ta auduga zalla irin Arches ta Faransa ta fi riƙe ruwa, amma da tsada. Mai koyo ya fara da mai sauƙi, muddin nauyin ya kai. Takardar littafin makaranta kuwa tana shan ruwa za ta kumbura ta yi tudu da kwari, fentin ya taru a kwarin. Na manne gefuna huɗu a jikin katako da salatif na takarda, na ɗan tada kan katakon. Burushi biyu sun isa, mai lamba 10 da mai lamba 2. Kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki, ɗaya mai tsabta. Kala uku kawai: shuɗin ultramarine, jan ƙasa na burnt sienna, da rawayar ochre. Af, abin da ke riƙe kalar a jikin takarda ƙaro ne, wannan dai na jikin dakwara da aka sani a Arewa da Sudan.

Bari in matso da kyamara. Bakin kofi daga inda nake zaune ba da'ira ba ne, siffar ƙwai ce a kwance. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsinina gefunansa kamar ido. A'a, gefen ya lanƙwasa sumul. Gindin kofin kuma ya fi bakin lanƙwasa, domin ya fi nisa da saitin idonka. In ka ja shi miƙaƙƙe, kofin zai zama kamar an yanko shi da almakashi. Fensir HB, hannu sama-sama.

To, ga inda maganar take. Ba mu da farin fenti, farin kofin takardar ce da kanta. Wurin ƙyallin nan na gefen hagu, na zagaye shi da fensir, burushi ba zai taɓa shi ba har mu gama. In ya rufe, ya tafi.

Na haɗa shuɗi da jan ƙasa, ga toka-toka ya fito, ya fi wanda ake yi da baƙi rai nesa ba kusa ba. Shafin farko ya zama tsararo kamar ruwan shayi. Na sa a gefen dama, na wanke burushi, na matse a tsumma, na ja bakin kalar zuwa tsakiya don ta narke. Ku lura, can ƙarshen dama na rage duhun, saboda teburi yana mayar da ɗan haske a jikin kofin. Wannan ɗan hasken ne ke sa shi ya yi ciki.

Yanzu haƙuri. Iskar Accra da laima, takarda ba ta bushewa da wuri sai in hunturu ya sauko wajen Disamba da Janairu. Taɓa ta da bayan yatsa: in da sanyi, da sauran ruwa. Wanda ya koma da jiƙaƙƙen burushi a lokacin nan, sabon ruwan zai ture kalar gefe, ya bar tabo mai baki kamar ganyen kabeji. Injin busar da gashi yana taimakawa, amma daga nesa.

Shafi na biyu ya yi kauri kamar madara, na uku kamar kokon da ake sayarwa da ƙosai da safe. Kada a wuce uku a wuri guda, kalar za ta zama taɓo. Fentin yana yin haske in ya bushe, don haka a ɗan ƙara duhu fiye da yadda ido ke so.

Goron ba wuya: ochre a ƙasa, jan ƙasa a sama tun da danshi, su haɗu da kansu. Buta ma ba sai an bi ta daki-daki ba, kofi ne ango.

Saura inuwar ƙasa. Da ƙaramin burushi, siririn layi mafi duhu daidai inda gindin kofi ya taɓa teburi, sannan ta yi ta dusashewa zuwa dama. Salatif ɗin kuma sai takarda ta bushe ƙayau, a ja shi a hankali zuwa waje, in ba haka ba ya ɗebo fatar takardar.