Zauren Faretin Lincoln: An Gina Don Yaƙi, Ya Zama Asibiti

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan kawo a kan wani gini da ke garin Lincoln a Ingila, wato zauren da sojojin sa-kai suke fareti a da.

Na farko, me ya kawo sojan sa-kai? Tsoro ne, jama'a. A 1858 wani ɗan Italiya, Orsini, ya jefa wa sarkin Faransa Napoleon na Uku bam, sai aka gano a Birmingham aka ƙera bam ɗin. Hankalin Ingila ya tashi, ana cewa Faransa za ta kawo hari. Shi ne a watan Mayun 1859 gwamnati ta ce kowane yanki ya kafa rundunar sa-kai. Akawu, maƙeri, mai shago, da rana yana wurin aikinsa, da yamma ya sa kaki. Kakin ma da kuɗinsa yake ɗinkawa. To ƙasar ruwa da sanyi, ina za a yi fareti? Dole a nemi rufi.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Wa ya gina na Lincoln? Wani attajiri ne, Joseph Ruston, mai masana'antar injinan tururi, wanda ya taɓa wakiltar garin a majalisa. Da kuɗinsa aka gina, da jan bulo, samansa da zankwaye kamar fada, aka buɗe a 1890. Amma ku ji sunan da mutanen gari suka raɗa masa: zauren burodi da cuku! Labarin da ake bayarwa shi ne, ma'aikatansa sun nemi ƙarin albashi, sai ya ce su bar shi ya sami ko na burodi da cuku daga kasuwancinsa. Bayan haka ga katafaren gini ya tashi. Suka ce to, ashe wannan ne burodin da cukun. (Dariya.) Talaka bai da bindiga, amma bakinsa ya isa.

Sai dai a yi wa mutumin adalci. Ya sa an yi kicin a cikin ginin don a riƙa dafa wa talakawa abinci lokacin wahala. Kicin, jama'a, a gidan soja! Ni wannan ya fi burge ni a kan zankwayen. Malam, na ga kana murmushi, ai ka san soja ma sai ya ƙoshi.

Kuma abin bai tsaya nan ba. A ƙarshen 1904 zazzaɓin taifot ya ɓarke a Lincoln, ya shiga 1905. Dalili ruwan sha ne, wanda ake ɗebowa daga kogin Witham, ƙazanta ta shiga. Sama da mutum 1,000 suka kamu, sama da 100 suka rasu. Asibiti ya cika. Ina za a kai marasa lafiya? Aka jera gadaje a daɓen da ake buga ƙafa ana hagu-dama. Ku duba fa: an gina wuri don maƙiyin da zai ƙetaro teku, Faransa ba ta zo ba, maƙiyin ya fito ta famfo. Ta famfo! A wannan annoba ce aka zuba sinadarin kulorin a ruwan garin, cikin garuruwan farko da suka yi haka a Ingila, daga baya aka jawo ruwa mai tsabta daga ƙauyen Elkesley, aka gina hasumiyar ruwa a 1911. Duk wanda ya taɓa jinyar mai taifot ya san abin da iyalan nan suka gani.

Na huɗu... au, na uku ko? To, na uku a gurguje. Wurin ya zama na rawa da kiɗa da dambe, aka rufe shi a 1999 saboda ya lalace, aka sake buɗewa a 2004 a matsayin gidan wasanni.

(Tambaya daga wata ɗaliba: Malam, su waɗannan 'yan sa-kan sun taɓa zuwa yaƙi kuwa?)

Allah ya yi miki albarka, 'yata, da na tsallake wannan. Sun je. A 1908 aka narkar da rundunonin sa-kai cikin sabuwar rundunar tsaron gida, na Lincoln suka zama bataliya ta 4 ta rundunar Lincolnshire. A watan Agustan 1914 aka tara su, a 1915 suna Faransa, ƙasar da kakanninsu suka ji tsoro, amma yanzu kare ta suka je yi. Ranar 13 ga Oktoba 1915 aka tura babbar rundunar da bataliyarsu ke ciki ta afka wa wata tungar Jamus kusa da garin Loos. A yini guda sama da 3,000 na wannan babbar runduna suka mutu ko suka ji rauni. Kuma ki tuna, ba baƙin juna ba ne. Unguwa ɗaya, masana'anta ɗaya, zaure ɗaya suka koyi fareti. Saboda haka da saƙon mutuwa ya iso Lincoln, gida-gida ya bi a layi ɗaya.