Ku rubuta Hausa a takardar nan

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, dattawa, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa Zazzagawan Amurka, barkanku da war haka. Daga Tudun Wada nake magana da ku. Mu nan mun idar da isha'i, ku kuwa na san rana ba ta ko faɗi ba. In kun ga hotona ya tsaya cak, laifin sabis ne, a yi haƙuri.

Sakatare ya ce in taɓa batun karatun yara, tunda a can na yi renon nawa kafin in tattaro in dawo gida. To, da kuskurena zan fara.

Ranar da na kai babbar 'yata makaranta, aka miƙo mini takarda mai tambaya: wane harshe ake yi a gida? Na rubuta Turanci. Ni da na yi karatu a Samaru, in rubuta Hausa, a ɗauka daga ƙauye na fito? Bayan wata uku aka kira taron iyaye, ina wurin aiki, uwarta ce ta je. Ba tafinta, don a takarda mu masu Turanci ne. Yarinyar ce ta yi fassara. Malama tana cewa ba ta kawo aikin gida, ita kuwa tana gaya wa uwar an ce ta ƙara ƙoƙari kaɗan. Sai da sakamako ya fito muka san dawan garin.

Takardar nan ba jarrabawa ba ce, ƙidaya ce. Da ita gunduma, wato yankin da makarantun gwamnatinsa ke ƙarƙashin hukuma ɗaya, take sanin harsunan da ke cikin ajujuwanta. In ka rubuta Hausa, gwada Turancin yaro za a yi. In ya iya, shi ke nan. In da saura, a ba shi malamin da zai ɗaga shi, kuma ba alfarma aka yi maka ba: tun 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke haka, a ƙarar da aka shigar saboda yaran 'yan Sin a San Faransisko. A 1982 kuma, a wata shari'a daga Teksas, ta ce ba a hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da takardun zama. A isar da wannan ga 'yan'uwan da ke ɓoye yara a ɗaki saboda tsoro.

Doka ke nan. Amma nawa za a ware, malamai nawa za a ɗauka, za a nemo tafintan Hausa ko a'a, duk wannan a hannun hukumar makarantun gunduma yake. Gundumomin nan sun kai kusan 13,000, kuma a mafi yawansu zaɓen 'yan hukumar ake yi, ba naɗi ba. Maƙwabtanku ne, wani mai shago, wata malama da ta yi ritaya. Kuɗin da suke rabawa, babban kaso daga harajin gidaje yake fitowa. Kada mai haya ya ce babu ruwansa, mai gida ya riga ya cusa harajin a cikin kuɗin hayarka.

Inda muke faɗuwa shi ne tarbiyyar da muka tashi da ita, kuma tarbiyya ce mai kyau a inda aka yi ta. A Zariya uba ya kai yaro gaban malam, ya ce ga amana, ya juya. Komawa yana tambaya ma kamar rashin kunya ne. A can kuwa shirunka cewa yake ba ka da buƙata. Zaman hukumar a buɗe yake ga kowa, ko ba ka da ikon jefa ƙuri'a. Ka sa sunanka, a ba ka minti biyu ko uku. Na taɓa zama a irinsa, wani dare mai sanyi. Iyaye masu Sifaniyanci sun cika layi uku da 'ya'yansu a cinya, ana yi musu fassara ta na'urar kunne. Baƙar fata daga Afirka ni kaɗai ne, na kuma tashi ban ce uffan ba. Mu da muke cika zaure ranar suna har a rasa wurin ajiye takalmi!

Don haka, ranka ya daɗe, roƙona ƙarami ne. Kafin a tashi yau, a fitar da mutum biyu a kowace gunduma da muke da yara, namiji da mace, su riƙa zuwa zaman nan. Iyayenmu mata, ku aka fi kira makaranta, kada a bar ku a baya wajen fitar da mutum biyun nan. Su fara da abu guda: su ƙirga gidajen da ke Hausa, har da 'yan'uwanmu na Nijar da Gana, su kai adadin gaban hukuma su nemi tafinta. Wanda kuma ya rubuta Turanci irina, ya je ofishin makaranta ya ce a rubuta cewa tafintan Hausa yake so a duk taron iyaye.

Sakatare, ga wuta an ɗauke. Karɓi sunayen kafin cajina ya ƙare.