Wa Ya Cancanci a Kira Shi Gwarzon Al'adar Ƙasa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, ɗalibai, barkanku da zuwa.

Abin da aka ɗora mini shi ne in faɗi waɗanda suka cancanci a kira su gwarazan al'adun ƙasa. Kafin a kai ga sunaye sai an daidaita ma'auni, domin yawancin gardamar da ake yi a majalisu a nan Kano daga nan take tasowa. Wani yana auna yawan masoya, wani yana duba lambar girma. Shahara kuwa guguwa ce, ta ɗaga mutum yau, gobe ta ɗauki wani.

Ma'aunin da nake tsaye a kai shi ne: a duba ko mutum ya ƙware a fanninsa har masu fannin da kansu sun sallama masa, ko ya ƙara abin da babu shi kafin zuwansa, ko kuma aikin ya ci gaba da tafiya bayan an binne shi. Na ƙarshen nan ya fi wuyar samu, shi ya sa ba na gaggawa a kan wanda yake tsakiyar tashensa.

Mu fara da Ladi Kwali, wadda hotonta yake a bayan takardar naira 20. Bagwariya ce mai ginin tukwane, ta koyi sana'ar a gida, da hannu, ba da injin juyi ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Baturen Ingila mai ginin tukwane Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Ba ta yar da siffar randar gargajiya ba, ba ta yar da zanen kada da ƙadangare da kunama ba. Sai ta haɗa su da sheƙi da gashin wuta mai tsanani, randar ruwa ta zama abin nuni a Landan. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, cibiyar kuma tana ɗauke da sunanta. Ku lura, ba Bahaushiya ba ce. In muna cewa "na ƙasa", dole zuciyarmu ta ɗauki irin wannan.

A waƙa, Alhaji Mamman Shata ba ya bukatar lauya. Ya fito da kalangu daga hannun mahauta da dandalin 'yan mata, ya kai shi gaban sarki da talaka, ya yi wa manomi da direba da soja waƙa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a nan Kano a 1999, aka kai shi Daura. Yau yaron da bai taɓa ganinsa ba yana sauraronsa a waya. Ɗanmaraya Jos, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, shi ma ya wuce gwajin. Haka Hajiya Barmani Choge da kiɗan ƙwarya, wadda ta faɗi damuwar matan cikin gida da harshensu. A rubutu akwai Abubakar Imam, editan Hausa na farko a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, wanda salonsa ya zama turbar rubutun zube. Akwai Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, mazaunin Kano, gwanin sarrafa harshe.

To ina ake samun tangarɗa? Wuri na farko shi ne lambobin girma. Dokar lambobin girma ta 1964 ta jera su daga GCFR, mafi girma, zuwa MON, mafi ƙanƙanta, kuma manyan suna bin muƙami ne. Shata MON aka ba shi, mataki na ƙarshe a jerin. Don haka lamba ba ta isa hujja ba.

Na biyu ya fi damuna, domin ya shafi garin nan kai tsaye. Akwai gwanintar da ba ta da suna ɗaya. Karofin Ƙofar Mata, an ce, yana nan tun 1498. Marini yana haɗa baba da toka da katsi a rijiyar rini, ya jira makonni kafin ruwan ya nuna, ya gane nunarsa da kumfa da wari, ya riƙa tsoma zane yana ɗagawa iska ta buge shi har shuɗin ya kama. In haɗin ya kauce, ruwan ya mutu, an yi asarar wata guda. Wannan ilimi a ka yake, ba a takarda ba. Haka dukawa da masaƙa da masu ɗinkin kayan doki, waɗanda in babu su babu kwalliyar hawan sallar da UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin al'adun duniya a 2024. Japan ta magance wannan tun shekarun 1950: tana ayyana mutum ɗaya ko ƙungiyar masu sana'a a matsayin masu riƙe da gado, tana ba gwani yen (kuɗin Japan) miliyan 2 duk shekara don ya raya sana'ar ya koyar da magada. Karramawar da aikin koyarwa tafe suke tare.

Ga ɗaliban da za su haɗa kundin wani gwani, ga yadda ake yi. A fara da masu rai: 'yan amshi, makaɗa, almajirai, iyali, a naɗi kowa shi kaɗai, domin in an tara su babba ne yake magana saura su gyaɗa kai. Kowace shekara da aka ambata a tarihin gwanin, a nemi shaida biyu a kanta, ta baki da ta takarda. Sannan a bi tsoffin kaset da tef na gidajen rediyo. Zafi da laimar damina suna sa tef ya manne ko ya yi fumfuna, kuma in aka sa shi a na'ura ba a duba ba, juyi ɗaya yana iya kankare muryar. A kwafe shi zuwa kwamfuta a tsarin WAV, wanda ba ya rage ingancin sauti, kada a matse shi zuwa MP3, a rubuta sunan mawaƙi da wuri da wanda ya naɗa, a ajiye kwafi uku a wurare daban-daban. A kuma nemi izinin magada a rubuce, domin dokar haƙƙin mallaka tana kare waƙa da rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai su.

Wanda yake da tambaya, bismillah.